Wa Ke Kwana Da Inna?

A Kusfa, cikin ganuwar birnin Zariya, akwai wani gida mai zaure biyu, irin gidajen malaman nan da ba a rasa mai ɗaukar karatu a ƙofarsu tun daga asuba har bayan lisha. Ba zan faɗi sunan gidan ba. Wanda ya ce sai ya bi lungu-lungu ya gano shi zai sha wahala, don ko ya bar Kusfa ya nufi Kwarbai ko Limancin Kona ko Anguwan Juma, zai tarar da gidan da labarin ya dace da shi.

Maigidan ya daɗe da rasuwa. Ya bar matarsa, wadda yaro da babba ke kira Inna, da 'ya'ya biyar. Babbansu shi ya gaji zaure da buzu, shi ake ce wa Malam. Mai bi masa ma'aikacin gwamnati ne a Abuja. Na uku yana da shago a kasuwar Sabon Gari. Cikin mata biyun, ɗaya tana aure a Kano, autar kuwa aurenta ya mutu, ta dawo gida da ɗa ɗaya.

Inna mace ce mai kaifin kai. Ita ke riƙe adashin matan layin ba tare da ta rubuta ko kwabo ba, kuma in aka rikice kan wa ya haifi wa a dangi, wurinta ake zuwa. Shi ya sa da abin ya fara ba wanda ya ɗauke shi da zafi. Ta sa gishiri sau biyu a miya. Ta sallame la'asar, bayan ɗan lokaci ta sake miƙewa ta kabbarta. Aka nemi kuɗin adashi aka rasa, sai ga su cikin ƙwaryar fura. Jikoki suka yi ta dariya, manya suka ce ai tsufa ne, Allah ya sa mu kai. Dariyar ta yanke ne wata safiya da Malam ya shigo gaishe ta. Ta ɗaga kai ta kira shi da sunansa na yanka. Ɗan fari ne, fiye da shekara hamsin ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakinta. Sannan ta tambaye shi ko babansa ya dawo daga masallaci.

Aka yi rubutu, aka yi tofi, aka yi hayaƙi. Wasu suka ce iska ce, wasu suka rage murya suka ce a bincika, ruwa ba ya tsami banza. Daga baya na Abuja ya matsa aka kai ta asibitin koyarwa na Shika. Shi da Malam suka shiga da ita wurin likita. Likita ya tambaya sau nawa take farkawa cikin dare. Suka dubi juna. Ya tambaya ko tana gane hanyar bayi, ko tana iya ɗaura zane da kanta, ko tana ƙwarewa in tana shan ruwa. Malam ya ce sai dai a buga waya gida a tambaya. Likita ya rubuta magani, ya ce ranar da za su dawo su zo da mai kwana da ita.

Abin da ya same ta shi ne abin da muke kira gigin tsufa, likitoci kuma ke kira cutar mantuwa. Ciwo ne da ke cin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, ba tsufa kaɗai ke kawo shi ba, don ga tsofaffi nan da yawa sun haura casa'in da hankalinsu garau. Nau'in da ya fi yawa shi ne wanda aka sa wa sunan likitan nan na Jamus, Alois Alzheimer, da ya bayyana shi a 1906. Wani nau'in kuma yana biyo bayan hawan jini da shanyewar ɓarin jiki, idan jijiyoyin da ke kai wa ƙwaƙwalwa jini suka lalace. Har yau ba a sami maganin da ke warkar da shi ba, ƙwayoyin da ake bayarwa sassauci suke kawowa na wani lokaci. Kuma ba ciwon Turai ba ne. A nan Zariya ma an auna shi: a 2011 Dakta Abdulkareem Jika Yusuf na Jami'ar Ahmadu Bello da abokan aikinsa sun wallafa binciken da suka yi kan tsofaffi 322, suka sami ciwon a jikin kusan mutum 3 cikin kowane 100, kashi biyu cikin uku na waɗanda suka kamu kuwa irin na Alzheimer ne.

Da suka dawo daga Shika, maza uku suka zauna a zaure bayan sallar lisha. Zama ne na mutunci, ba wanda ya noƙe. Na Abuja ya ɗauki kuɗin magani da na asibiti. Mai shago ya ce madara da sabulu da duk wani cefane na Inna a wuyansa. Malam kuwa, tunda a gabansa take, shi ne mai sa ido. Aka shafa fatiha, kowa ya tashi yana jin ya sauke nauyi. Maganar wanda zai wanke ta, da wanda zai ba ta abinci a baki, da wanda zai kwana a ɗakinta, ba ta taso ba, domin a zuciyar kowannensu an riga an gama ta. Ba a kira mace ko ɗaya zaman ba.

Matar Malam ta kusa hamsin. Kamar matan birnin Zariya da yawa, tana da sana'ar allura: ɗinkin hula da aikin wuyan riga, wanda da shi ta yi wa babbar 'yarta kayan ɗaki. Tana zuwa Islamiyyar matan aure. Ita ce ta ɗauki tabarmarta ta koma ɗakin Inna, a kan za a yi kwana biyu a ga yadda jikin zai kasance.

Da rana da sauƙi, don auta tana nan tana kama mata. Wahalar tana farawa ne idan la'asar ta yi sanyi. A lokacin nan hankalin Inna ke tashi. Sai ta ƙulle zannuwanta a ɗankwali ta ce za ta tafi gida, babanta na jiranta a Ƙofar Kuyambana. Uban nan ya fi shekara arba'in a kabari, gidan ma an raba gado an sayar. In aka ce mata ya rasu, sai ta fashe da kuka kamar yau aka yi mata ta'aziyya. Matar Malam ce ta gano da kanta cewa gara a ce mata, “To Inna, bari a sha kunu tukuna sai mu tafi,” a zagaya da ita tsakar gida har abin ya sake ta. Ita ta sa aka yi wa rijiya murfi da kwaɗo. Ita ke ɓoye ashana da wuƙa. Wata rana duk da haka Inna ta sulale lokacin da maza ke masallaci, sai wajen Babban Dodo wani ɗan acaɓa da ya san gidan ya tsinto ta. Da aka dawo da ita, tambaya ɗaya aka yi, kuma mutum ɗaya aka yi wa: ina kike har ta fita? Tana madafa ne, tana tuƙa tuwon mutum goma sha.

Dare kuwa ba a cewa komai. Inna takan farka ƙarfe ɗaya ta ce asuba ta yi, ta nufi randa za ta yi alwala da ruwan sanyi a tsakiyar hunturu. A lallashe ta ta kwanta, ƙarfe biyu da rabi ta sake tashi tana neman yaron da ta ce ta bari a goye. Daga baya fitsari ya fara kufce mata, sannan bayan gida. Matar Malam takan dafa ruwa cikin dare ta wanke ta, ta canza shimfiɗa, ta fita da zannuwan bakin rijiya ta wanke su kafin kiran sallar farko, ta shanya su a bayan ɗaki inda idon almajirai ba ya kaiwa, don kada a ga abin da zai zubar da girman tsohuwa. Wannan sutura ba wanda ya sa ta, ba kuma wanda ya san tana yin ta. In gari ya waye, abin karyawa na jiranta, da 'yan makaranta, da shara.

Inna ta daina gane ta. Ta koma kiranta da sunan kishiyarta da ta mutu tun zamanin soja, duk wata tsohuwar gaba da ke tsakaninsu ta dawo sabuwa. Ta tofa mata magani a fuska. Ta kai mata duka da mafici. Matar da a da take ce mata “'yata”, take ajiye mata ɓarin goro, ita ce yanzu ke kiranta ɓarauniya. Likitoci sun san wannan sarai. Mai ciwon yakan ajiye abu ya manta, da ya neme shi ya rasa sai ya ce an sace, kuma wanda ya fi kusa da shi ne zargin ke faɗa wa. Amma wanda bai zauna da mai ciwon ba bai san haka ba.

Wata Juma'a na Abuja ya zo da ledar lemo da ayaba. Masu wannan ciwo sukan ɗan farfaɗo in sun ga baƙo, su yi gaisuwa tsaf kamar ba su ba. Inna ta riƙe hannunsa, ta sa masa albarka, sannan ta matso da bakinta kusa da kunnensa ta ce yau kwana uku ba a ba ta abinci ba, waccan matar kuma ta kwashe mata zannuwa. Ya fito idonsa jawur.

“Yaya,” in ji shi a zaure, “kuɗin da nake turowa, ina suke tafiya?”

Malam ya shiga cikin gida wurin matarsa. “Wai me nake ji haka?”

“Malam,” ta ce, “ga kwanon da ta ci tuwo yanzun nan, ko wanke shi ban yi ba.”

Ya dubi kwanon, ya yi shiru, sannan ya ce, “To, a dai riƙa kula.”

Kafin magariba labari ya kai Kano. Ta Kanon ta bugo waya tana kuka, tana cewa da uwarsu ce ta haifi wasu da ba a yi mata haka ba. Gwaggonni suka zo dubiya, suka ɗaga murfin tukunya, suka shinshina ɗaki, suka tafi suna cewa tsohuwa ta rame. Tsohuwar maganar nan ta a bincika ta sake tasowa, yanzu kuma an san inda ake nuna wa da baki. A wannan gaɓar mata ma ba su fita ba. Mace ce ta fi kowa sanin nauyin wankin dare, amma sau da yawa bakin mace 'yar'uwarta ne ke fara yanka mai jinya.

Hular da matar Malam ta fara tana nan cikin kwando da allura a jiki, dillalin da ke karɓa ya gaji ya daina aikowa. Ta fita daga adashi, ta bar Islamiyya. Biki da suna suka gagare ta, dangi suka ce ta daina zumunci. Mahaifiyarta tana Tudun Wada, ita ma ƙafa ta hana ta sakat, amma sai a yi wata ba ta leƙa ta ba. Auta kuma wani mutumin kirki ya fito neman aurenta, yayyenta suka ce ya ɗan dakata, in ta tafi wa zai kama? Ya dakata har ya gaji. Akwai jikanya mai shekara goma sha uku da aka fara ce wa ta zauna gida yau kaɗai, sai yau ta zama kwana biyu a mako. Sa'o'inta maza a gidan ba wanda ya taɓa fashin makaranta saboda Inna, ba kuma wanda ya fasa zuwa ƙwallo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane fiye da miliyan 55 ke ɗauke da wannan ciwo, sama da kashi 60 cikin 100 nasu a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi irin tamu. Ta ce a 2019 ciwon ya ci wa duniya dala tiriliyan 1.3, kusan rabin wannan lissafi kuwa aikin da 'yan'uwa ke yi ne a gida ba tare da ana biyansu ba. Kashi 70 cikin 100 na sa'o'in wannan jinya mata ne ke yin su. A 2006 Martin Pinquart da Silvia Sörensen sun tattara bincike 229 kan masu jinyar tsofaffi, suka ga mata sun fi maza daɗewa a bakin jinya, sun fi yin aikin da ya shafi jikin majinyaci kamar wanka da kama ruwa, sun kuma fi fama da gajiyar zuciya da ciwon damuwa. Yawancin binciken nan an yi shi ne a ƙasashen da ke da injin wanki da wutar da ba ta ɗaukewa. Sai mutum ya ƙiyasta yadda abin yake a inda ake jan guga a kuma hura gawayi.

A bayan gidan su Malam akwai wani tsohon tela da matarsa ta kamu da irin wannan ciwo. 'Ya'yansu sun watse, su biyu suka rage. Ya rufe shago ya zauna da ita. Wahalarsa wahala ce ta gaske, kuma tana da nata ɗacin. Mutumin da bai taɓa ɗora tukunya ba ya koyi dama kunu yana da shekara saba'in. Ba shi da wanda zai gaya wa abin da ke ransa, don a majalisar maza ba a hira kan wankin zane, kuma namiji ba ya cewa na gaji. Wani maƙwabci ya taɓa tarar da shi a soro yana share hawaye da hannun riga, da ya gan shi sai ya ce hayaƙi ne. Sai dai unguwa ba ta bar shi ba. Kwanon tuwo na shigowa daga gida uku. Matan maƙwabta suka raba ranakun yi wa matar wanka a tsakaninsu. Liman ya ambace shi a wa'azi, aka ce ga namijin duniya, ga mai riƙon amana. Ranar da matarsa ta fita ta ɓata, ba wanda ya ce masa ina kake, sannu aka yi ta yi masa. Ya cancanci duk wannan har da ƙari. Abin lura shi ne, cikin kwanonin da ke shiga gidansa har da wanda matar Malam ke zubawa, ita kuwa ba gidan da ya taɓa aiko mata da kwano.

Wata safiya karatun Mukhtasar a zauren Malam ya kawo babin ciyarwa. Malam ya fassara yadda Shaihu Halilu ya tsara: ɗa mai hali wajibi ne ya ciyar da iyayensa in ba su da shi, har da mai yi musu hidima. Wani ɗalibi da ya zo daga Damagaram ya gyara zama.

“Allah gafarta Malam, to hidimar uwar miji, wajibi ce a kan matar ɗa?”

“A'a,” in ji Malam, ba tare da ya yi jinkiri ba. “Ba wajibinta ba ne. In ta yi, kyautatawa ce da neman lada, ba a tilasta ta. Biyayyar iyaye tana wuyan wanda aka haifa, namiji ne ko mace.”

Ya kawo musu labarin Uwaisul Ƙarani, mutumin Yaman da hidimar mahaifiyarsa ta tsare shi har bai sami ganin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ido da ido ba, kuma wannan hidimar ce ta ɗaga darajarsa. Ya tuna musu ayoyin Suratul Isra'i kan iyaye in tsufa ya cim musu a wurin ɗa, da ayar Suratun Nahli da ta yi maganar wanda ake mayarwa ga shekarun da sani ke kuɓuce masa. Ɗalibai suka ce Allah ya ƙara wa Malam sani. A daidai lokacin ana jin ƙarar guga daga bayan katanga.

Malam bai ɓoye ilimi ba, amsarsa daidai take da abin da ke cikin littafi. Mutum ne mai tsoron Allah, mai son uwarsa, kowace safiya sai ya durƙusa ya gaishe ta kafin ya zauna kan buzu. Abin da bai taɓa yi ba shi ne ya ɗauki amsar nan ya ratsa zaure na biyu da ita ya shiga cikin gida.

Cikin azumi abin ya fashe. Ana shirin buɗa-baki matar Malam ta yanke jiki ta faɗi kusa da murhu. Aka kwashe ta zuwa Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, aka ce jininta ya hau ƙwarai, aka ba ta gado. Ma'aikaciyar jinya ta tambaye ta yaushe rabon da ta yi barcin dare cikakke. Ta yi ta tunani, ta kasa tunawa.

Auta ta tafi jinyar ta asibiti, ɗakin Inna ya zama ba kowa. Daren farko Malam da kansa ya shimfiɗa buzu a bakin ƙofar. Ya tashi sau biyar. Ya ga uwarsa tsaye cikin duhu tana laluben bango tana kiran babanta. Ya rasa inda ake ajiye zannuwa. Ya ce mata babanta ya rasu, ta yi kukan da bai taɓa ji ba, har maƙwabta suka farka. Da gari ya waye, karon farko tun rasuwar mahaifinsa, aka ce wa ɗalibai yau babu karatu. Dare na biyu mai shago ya karɓa, kafin sahur ya aika a taso jikanyar nan. Rana ta uku aka buga waya Kano, aka roƙi mijin 'yar'uwarsu ya ba ta izinin mako guda.

Da aka sallamo matar Malam, likita ya ce ta huta. Malam ya same ta a ɗaki, ya daɗe bai yi magana ba, sannan ya ce, “Allah ya yi miki albarka. Wallahi ban san haka abin yake ba.” Da gaske yake, ita ma ta san da gaske yake. Ya fara zama da Inna tsakanin magariba da lisha, yana ba ta kunu da cokali. Ya kawo shawarar a ɗauki mace mai hankali a riƙa biyanta tana kwana uku a mako. Na Abuja ya ce gida cike da mata a ɗauko bare, me mutane za su ce? Mai shago ya ce kasuwa ba ta tafiya. Aka ce a bari bayan salla a sake zama. Bayan salla ɗaurin aure ya yi yawa, ga ta'aziyya, ga baƙi daga nesa masu neman fatawa. Ta Kano ta koma ɗakinta. Tabarmar matar Malam ta koma inda take.

Muna alfahari cewa mu ba ma kai iyayenmu gidan gajiyayyu, kuma alfahari ne mai kyau, ina cikin masu yin sa. Amma wanda ke faɗar haka a majalisa ya kamata ya san a kan barcin wa da lafiyar wa wannan alfahari ya tsaya. Wasu ƙasashe sun riga mu fuskantar tambayar. A Japan al'ada ta daɗe tana ɗora jinyar tsofaffi a kan matar babban ɗa, har sai da ƙasar ta kafa inshorar kula da tsofaffi a 2000. A Ingila an fara biyan masu jinya a gida alawus a 1976, amma aka cire matan aure, bisa tunanin cewa ai dama suna gida, sai da wata mata mai suna Jacqueline Drake, wadda ta bar aiki don jinyar mahaifiyarta, ta yi nasara a kotun Turai a 1986 aka gyara. A Nijeriya asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe cibiyar kula da tsofaffi a 2012, an sa hannu kan dokar kafa cibiyar dattawa ta ƙasa a 2018, cibiyar ta fara aiki a 2021. Kafin amfanin irin waɗannan ya iso lungunan Kusfa, gyaran yana hannun 'ya'yan gida.

Na san abin da ɗan'uwana namiji zai ce. Zai ce shi ke fita nema, in bai fita ba wa zai sayi maganin? Gaskiya ne, kuma kuɗin magani ba ƙaramin abu ba ne a wannan zamani. Amma kuɗi ana turo su cikin minti ɗaya a koma barci. Zai ce namiji ba ya yi wa mahaifiyarsa wanka, akwai al'aura, akwai kunya. Na yarda. To ba ta abinci a baki fa? Zama da ita da la'asar lokacin da take neman hanyar gidan ubanta? Yanke mata farce, zagayawa da ita tsakar gida, jan ruwa, kwana a bakin ƙofarta don mace ta sami barcin dare ɗaya? Wace al'aura ce a nan? Kuma a gidajen da tsoho ne ya rikice ba tsohuwa ba, inda wanka da kama ruwa suka fi dacewa da 'ya'ya maza, in ka leƙa za ka tarar mata ne dai a kai. Nana A'isha ta ba da labarin cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan kasance cikin hidimar iyalinsa a gida har lokacin salla ya yi. Wannan hadisi ba baƙo ba ne a zaurukan Zariya.

Inna tana nan da rai, ta daina tafiya, sai an juya ta a kan gado don kada bayanta ya yi gyambo. Matar Malam tana shan ƙwayar hawan jini kullum. Jikanyar ta maimaita aji.

Mai karatu, in a gidanku akwai tsoho ko tsohuwa a wannan hali, zaman da za ku yi nan gaba a kira matan da ke jinyar su zauna, a tambaye su abin da suke buƙata. A sa ladan mai taya su cikin lissafi tare da kuɗin magani, a mayar da yarinya makaranta, a gaya wa masu zuwa dubiya cewa zargin da tsohuwa ke yi ciwo ne ke sa ta. Ranar komawa asibiti a auna jinin mai jinyar ita ma. Kai kuma ka zaɓi dare biyu a mako, ka faɗe su a gaban 'yan'uwanka, in ranar ta zo ka zo da shimfiɗarka.